Girkin Tsakar Rana a Watan Azumi

Duk wanda ya san ni a Ƙofar Atiku ya san ba a shiga gidana a fita da ciki wayam. Sunana Tani, matar Mode mai gyaran keken ɗinki, kuma in na zuba maka tuwo ka ce ka ƙoshi, to faɗa za mu yi. A cikin wannan gidan ne ɗiyata Nuriyya ta shekara biyu tana kashe kanta da yunwa, ina kallo, har ina yi mata kirari.

Nuriyya ta taso da jiki irin nawa, cikakkiya, mai kumatu. Tana da shekara goma sha bakwai aka yi bikin 'yar ƙanen babanta, 'yan mata suka je wurin tela gwajin anko. Telan nan, Allah ya shirye shi, ya ɗora mata tef ya ce da ƙarfi wannan kam sai an ƙaro yadi. Aka kwashe da dariya. Wata ta ɗauke ta hoto ta watsa wa ƙawaye a waya, ta rubuta buhun gero a ƙasa. Da labarin ya iso gida ni ma na dara, na ce ai gadon gidanmu ne. Ban sake tunawa da zancen ba.

Bayan bikin da sati biyu ta fara azumin Litinin da Alhamis. Na ce masha Allah. Ta ƙara da kwana ukun tsakiyar wata, na ce tubarkalla. Kafin shekara ta zagayo ta koma yau azumi gobe hutu, ranar hutun ma sai ta ce akwai ramuwa a kanta. In an kira magariba ta ci dabino ɗaya, ta kurɓi ruwa, ta tayar da nafila mai tsawo har mu share tire. Ranar da ta zauna da mu kuwa, tire ɗaya muke ci, ni da ita da ƙannenta mata biyu. Wa ke ƙirga lomar wani a tire ɗaya? Tana tura na gabanta gefen ƙannen, su kuwa ba sa tambaya, hannu baka hannu ƙwarya. Hijabinta har ƙasa, ba a ganin komai sai fuska, fuskar kuma da ta zabge na ce hasken ibada ne.

Maƙwabciyata Hajjo, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ita ce rediyon unguwa. Abin da ta ji da hantsi, kafin la'asar ya kai har unguwar Gidan Dahala. Ita na fi yi wa fahariya. In leƙa ta katanga in ce, "Wagga ɗiya tau yau ma da azumi ta tashi, na rasa yadda zan yi da ita." Hajjo ta riƙa aiko mata da dabino da kunu don ta samu ladar ciyar da mai azumi, ta riƙa yi wa nata 'ya'yan gori da Nuriyya. A gidan suna mata suna nuna ni, ga uwar mai azumi nan. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji har cikin raina.

Ranar wata Talata a tsakiyar bazara aka kira ni daga kwalejin da take karatu, wai ta yanke jiki ta faɗi a matakala. Na same ta a asibiti. Da ma'aikaciyar jinya ta ɗage hijabin za ta gwada jininta, na ga damtsen ɗiyata bai fi muciyata kauri ba. Likitar mace ce, ta tambaye ta yaushe rabonta da ganin al'ada. Ta ce wata goma sha ɗaya. Ni uwarta, ɗaki ɗaya ya raba mu, sai a bakin gadon asibiti na ji.

Likitar ta ja ni gefe ta ce zuciyar yarinyar ta yi rauni, kuma ciwo ne sananne, mutum ya riƙa tsoron abinci har jikinsa ya ƙare. Ta faɗi sunansa da Turanci, ban riƙe ba. Ta ce yana kisa.

Na ce, "Haba likita, ibada fa take yi."

Ta ce, "Hajiya, tambaye ta da kanki."

Na koma bakin gadon na tambaye ta. Nuriyya ta juya fuskarta bango ta ce, "Inna, tsoro nike ji. In na ci, ji nike awa na yi laifi. In na ce azumi nike, ba mai matsa min."

Kwananmu goma sha biyu a asibiti. Da za a sallame mu aka ba mu takardar abin da za ta ci sau biyar a rana, aka kuma ce duk Asabar ta riƙa zuwa wani zama na mata masu irin wannan lalura, a wani ɗaki bayan ƙaramin asibiti a Gawon Nama, kuma lallai wani daga gida ya riƙa raka ta. Mai jagorantar zaman Sista Dorcas ce, ma'aikaciyar jinya, Kirista, iyayenta daga Filato suka zo koyarwa amma a nan aka haife ta. Sakkwatancinta ya fi nawa kauri.

Ranar farko na shiga da shirin jin wa'azi ko karɓar magani. Sai na tarar da tabarmi a shimfiɗe, mata bakwai da 'yan rakiyarsu, kowa ba takalmi. Akwai wata matar aure da ke cin abinci a ɓoye har cikinta ya yi ciwo, sannan ta je ta amayar. Akwai wata da ta sha ƙwayoyin ƙiba har ta daina gane yunwa da ƙoshi. Sauran irin Nuriyya ne, ƙasusuwa cikin hijabi. Sista Dorcas ta ce mu miƙe tsaye, mu ji tafin ƙafarmu a kan tabarma, mu ɗaga kafaɗu mu sake, mu juya wuya a hankali. Sannan mu zauna, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, mu ja numfashi har hannun cikin ya ɗaga. Na ce a raina, oh ni Tani, na bar wanki a gida na zo a koya mini numfashi.

Daga nan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, "Yanzu mi cikinki ka ce miki? A ina kike jin shi?" Wata ta ce zafi a ƙarƙashin haƙarƙari. Wata ta ce kamar an ɗaure mata ciki da igiya. Nuriyya ta ce ba ta jin komai, kamar cikin ba nata ba ne. Sista ta ce to, wannan ma amsa ce, ta wuce ta gaba.

Sai aka kawo abinci, kowa da ƙaramin kwanonsa, dambu da ɗan mai. Aka ce a sunsuna tukuna, a ɗauki loma ɗaya, a tauna har ta narke, a ajiye hannu, a saurari ciki kafin a sake ɗauka. Nuriyya ta yi loma biyu ta tsaya. Ni kuwa bakina bai san ya buɗe ba, na ce, "Ke, ƙara mana! Wannan ai ko kaza ta fi ki."

Sista Dorcas ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Inna Tani, nan ba a cewa ƙara, ba a cewa ya isa, kuma ba a leƙen kwanon wani. Ki zauna kusa da ita kawai, ki ci naki."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Yarinyar da na girme wa shekara goma za ta koya mini ciyar da ɗiyar da na haifa? Na yi niyyar ba zan sake zuwa ba. Abin da ya dawo da ni shi ne a keke napep, muna komawa gida, Nuriyya ta ce, "Inna, da kika yi shiru na ƙara loma biyu, ba ki gani ba."

Haka muka yi ta zuwa wata huɗu. Ni ma dai na koyi abin da ban je nema ba. Ranar da tambayar ta zo kaina na rasa amsa, don na shekara ashirin da biyar ina cin abinci a tsaye a bakin murhu, ina kankare ƙanzo, ban taɓa tambayar cikina komai ba. A gida na saya wa Nuriyya kwanonta daban, in zauna kusa da ita in ci nawa, in cije harshena. Wahalar shirun nan Allah kaɗai ya sani. Amma ta fara komawa mutum. Tana hawa matakala ba jiri. Wata Asabar ta ɗora hannu a ciki ta ce tana jin wani ɗan motsi a gefen hagu, tana zaton yunwa ce, matan nan suka yi ta murna kamar an yi haihuwa.

Sai watan Sha'aban ya raba, aka fara shirin azumi.

Likita ta auna ta, ta rubuta a takarda cewa bana Nuriyya ba za ta yi azumi ba ko na yini ɗaya, don jikin bai kai ba, kuma in ta sake ɗanɗana yini ba ci, ciwon zai dawo da ƙarfinsa. Na kai wa Sista Dorcas ƙorafi. Ta ce, "Wanga ba hurumina ba ne, Inna. Likita ta faɗi nata, ku kai wa malaminku shi faɗi nashi." Mode ya ɗauki takardar ya kai wa limamin masallacinmu. Liman ya ce ai zancen a fili yake, mara lafiya an ɗauke mata, ta sha azumin, in Allah ya ba ta lafiya ta rama, kuma ba a neman kusanci ga Allah da halaka rai. Nuriyya ta yi kuka, ta ce kowa na azumi ita tana ci kamar ba Musulma ba. Babanta ya lallashe ta.

Ni kuwa, bari in faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Abin da ya fara faɗo mini a rai Hajjo ce. Duk unguwa an san Nuriyya ta faɗi an kwantar da ita, amma na ce musu ciwon shawara ne da zafin rana. Zuwanmu Gawon Nama na ce ganin likita ne. Yanzu a ce mai azumin nafila ta shekara biyu ita ce ke cin tuwo da rana tsaka a Ramadan? Da wane ido zan kalli matan da na yi wa fahariya?

Don haka na yi dabara. In na yi girkin sahur sai in ɗebi nata in zuba a kula. Da rana in kai mata ɗaki, in rufe taga, in jawo ƙofa, in ce ta yi sauri, in ta gama ta kuskure baki kada a ji wari. Ba na zama, don ina azumi, kuma ina tsaron ƙofar gida kada wani ya faɗo. In na dawo in tarar da kwano a share, in ce alhamdu lillahi, asiri ya rufu.

Ranar Juma'a, shida ga watan azumi, na je zuba wa tunkiyarmu dusa, na tarar da shinkafa da wake a ƙasan bokitin, an rufe da dusa a kai. Na tona, ga taliyar jiya, ga ɗan wake na shekaranjiya. Na zauna a kan turmi. Ban ce mata komai ba, don na san in na buɗe baki abin da zai fito ba mai daɗi ba ne.

Washegari muka je Gawon Nama. A watan azumi zaman bai tsaya ba, waɗanda likita ya hana azumi suna cin nasu, masu azumi suna zaune tare da su. Aka yi miƙe-miƙen, aka yi numfashin. Da tambaya ta zo kan Nuriyya, ta ɗora hannu a maƙogwaro maimakon ciki.

Ta ce, "Nan ya rufe. Kwana shida ban ci na rana ba, tunkiya nike ba."

Sista ta ce, "Yaushe yake rufewa?"

"In Inna ta jawo ƙofa. Sai in ji ni awa ɓarauniya. Da can ina ɓoye rashin ci, yanzu ina ɓoye ci, duk ɗaya ne a jikina. In abin kunya ne, gara in bari."

Ba ta kalle ni ba, ba wanda ya kalle ni, wannan ya fi ƙona mini rai. Na ce, "To mi kuke so in yi? In yi shela a masallaci? Ku ba ku san unguwarmu ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo!"

Sista Dorcas ta ce, "Gaskiya ne, ke kika san unguwarku. Ni abin da na sani, ta ragu kilo ɗaya da rabi cikin sati guda. In ta ƙara sati biyu haka, gado za mu koma." Daga nan ta juya ga ta gaba, ta bar ni da maganar.

Ranar Lahadi da hantsi na yi ta kai-kawo a tsakar gida. Muna da risho, da shi zan iya yin girki a ɗaki ba wanda ya sani. Na ɗauko shi, na mayar. Ƙarfe goma sha biyu na jawo icce na hura murhun tsakar gida, wanda hayaƙinsa ke bi ta kan katangar Hajjo. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar sure, na soya albasa da daddawa, ƙamshi ya cika layin. Ƙannen Nuriyya suna makarantar Islamiyya, Mode yana shago. Na shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, a fili, na ajiye kwano, na kira ta.

Ta fito ta tsaya, ta kalli murhun, ta kalli ƙofar gida da na bari a buɗe. Ta ce, "Inna, nan?"

Na ce, "Nan. Zauna."

Na zauna kusa da ita da azumina a baki. Ta ɗora hannu a ciki ta ja numfashi sau uku yadda aka koya mana, ta wanke hannu, ta gutsuri tuwon. Loma ɗaya ta shiga. Tana ɗaukar ta biyu muka ji sallama.

Hajjo ce, da mayafi a karkace, ko takalmi ba ta saka daidai ba. "Tani, lafiya? Na ga hayaƙi, na ce ko gobara ce." Idonta ya sauka kan kwanon. Kafin ta rufe baki Nuriyya ta tura shi bayanta, ta ɓoye hannun mai miya a cikin hijabi.

Hajjo ta yi 'yar dariya ta ce, "Au, Nuriyya ce. Fashin salla ake yi ke nan? Ai sai ki shige ɗaki, ɗiyata, kar maza su shigo."

Ga ƙarya an miƙo mini har hannu, wadda duk mace za ta karɓa ba tambaya. In ce e, Hajjo ta tafi, mutuncina ya tsira na kwana bakwai. Na kalli Nuriyya, na ga bakina take kallo, ba ta ko ƙiftawa. Tsoro nake ji sosai, ni da ba na tsoron faɗa da kowa a unguwar nan.

Na miƙa hannu na jawo kwanon daga bayanta na dawo da shi gabanta.

Na ce, "A'a, Hajjo, ba fashin salla ba ne. Ba ta da lafiya, bana ba ta azumi ko ɗaya, likita ta hana, liman ya sani. Azumin nan da na yi ta yi muku fahariya da shi, ciwo ne. Tsoron abinci take, ta fake da azumi, ya kusa kashe ta a gabana ina tafa mata. Ba shawara ba ce, ƙarya na yi muku. Kullum war haka za ki ga hayaƙi har salla, kada ki sake zaton gobara."

Hajjo ta gyara mayafinta. Ta ce, "Tsoron abinci? Mi ke nan kuma? Ko dai iska ce, a nemi masu ruƙiyya?" Na ce muna da masu magani, addu'a dai muna so. Ta ce to Allah shi sawwaƙe, Allah shi ba da lafiya, ta juya. Saurin da ta fita da shi na san ba gidanta za ta fara shiga ba.

Wutar murhu na cinyewa. Nuriyya ta ce, "Inna, yanzu kowa zai ji."

Na ce, "Kafin la'asar."

"Za su yi da ke."

"Su yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta kalli kwanon. Ni na kawar da kaina ina kallon tunkiya, ina jin motsinta a gefena. Na ji ta fito da hannun, na ji ƙarar kwano, na ji tana tauna a hankali. Sai ta tsaya. Na ce a raina shi ke nan, maƙogwaron ya sake rufewa, na tona wa kaina asiri a banza.

Ta ce, "Inna."

Na ce, "Na'am."

"Miyar ga ba gishiri."

Da azumi na yi girkin, ban ɗanɗana ba, kuma cikin ruɗu ashe ko ƙwaya ban saka ba. Shekara biyu da rabi yarinyar nan ba ta taɓa cewa abinci ya yi daɗi ko bai yi ba. Na tashi na shiga madafi, na tsaya gaban gwangwanin gishiri na yi kuka mai isata, na farin ciki da na kunyar abin da na yi mata, har ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce tuwon fa yana hucewa. Na share fuska da bakin zane na kai mata gishirin.